Ƙwallo mai tafiya a allon ZX Spectrum

A shagona na gyaran rediyo da talabijin a Jekadafari, Gombe, akwai tsohuwar kwamfuta ZX Spectrum 48K, irin wadda kamfanin Sinclair ya fitar a Ingila a 1982. Da ita na koya wa yaran shago yadda hoto zai yi tafiya a allo bai ɓata abin da ke bayansa ba.

Mun fara zana ƙwallon a takardar lissafi mai gida-gida, takwas tsaye, takwas kwance. Darajar gidajen kowane layi daga hagu ita ce 128, 64, 32, 16, 8, 4, 2, 1. Ka tara na gidajen da ka cike, ka sami lambar layin. Sai ka shigar da wannan a BASIC, yaren da ake ba injin umarni da shi:

10 FOR n=0 TO 7: READ b: POKE USR "a"+n,b: NEXT n
20 DATA 24,60,126,255,255,126,60,24

Shi ke nan, CHR$ 144, wato harafi mai lamba 144, ya zama ƙwallo.

Wahalar tana wajen gogewa. In ka buga fili (space) a kansa, har zanen ƙasa zai tafi. Maganinsa PRINT OVER 1;AT 10,x;CHR$ 144. Duk inda ƙwallon yake da ɗigo, OVER 1 juya na allon yake yi: mai haske ya mutu, matacce ya kunnu. Ka sake bugawa a gurbin, allon ya koma yadda yake. Kuskurena na farko, na ƙara x kafin bugu na biyu, sai ƙwallaye suka jeru kamar carbi. Tsarin shi ne: buga, PAUSE 2, sake bugawa a wurin, sannan ka ƙara x. In PAUSE ta zo bayan gogewa, ƙwallon zai riƙa ƙyaftawa, domin ya fi daɗewa a goge.

Launi kuwa, nan ne injin yake da taurin kai. Allon ɗigo 256 ne a kwance, 192 a tsaye, amma kowane gida na 8 sau 8 launi biyu kawai yake ɗauka, INK (launin zanen) da PAPER (launin bayansa). Shi ya sa ƙwallon ya riƙa rina bangon da ya ratsa. Da na ƙara INK 8;PAPER 8; a cikin PRINT ɗin, ya bar kowane gida da launinsa. In kai ne kake son canza launin, adireshin gidan 22528+32*layi+shafi ne, lambar kuma PAPER sau 8 a tara da INK. Ja (lamba 2) a kan fari (lamba 7), 58 ke nan. Wannan ya fi sake zane sauri ƙwarai, don lamba guda ce maimakon takwas.

Mai son POKE, wato sa lamba a ƙwaƙwalwar injin, kai tsaye daga 16384, inda adireshin ɗigogin allo ya fara, ya kula: ƙara 32 ba zai kai shi ɗigon ƙasa ba, layi takwas zai tsallake. A cikin gida ɗaya, 256 ake ƙarawa. Wani yaro ya yini yana zargin talabijin kafin mu gano haka.

Kuma kafin RUN, a yi SAVE "kwallo" a kaset. Da an ɗauke wuta, babu abin da zai rage a ƙwaƙwalwar injin.