Iyakar da ba a gani

Wata uku da zuwana Dundalk, wani gari a Jamhuriyar Ayalan kusa da iyakarta da Ayalan ta Arewa, wani abokin aikina a gidan kula da tsofaffi ya ce ranar Asabar mu leƙa Newry, wani gari a Ayalan ta Arewa da ke ƙarƙashin Birtaniya, mu yi cefane, wai kaya sun fi araha a can. Na ce ba ni da bizar Birtaniya. Ya kwashe da dariya, ya ce wace iyaka kuma? Bai san cewa 'yancin shige da fice tsakanin ƙasashen biyu na 'yan Ayalan da 'yan Birtaniya ne ba. Mai koren fasfo irina, ko da takardar zama a aljihu, sai da biza. Tafiyar kuwa ba ta fi ta minti 20 ba. Babu shinge, babu soja, allon hanya ne kawai ke komawa mil daga kilomita, yuro ya koma fam.

Ni ɗan Jibiya ne, iyaka ba baƙuwata ba ce. Kawunnaina suna Maradi, Turawan Ingila da Faransa suka ja mana layi a tsakani. Sai dai tamu ana ganin ta, tasu a baki take.

Wani tsoho da nake yi wa hidima, Baba nake ce masa har ya saba amsawa, shi ya koya mini wannan. Ran nan na ce “Ayalan ta Arewa”, ya ɗaga yatsa ya ce, “Yaro, gundumomi shida.” Wato shidan da suka rage hannun Birtaniya da aka raba tsibirin a 1921. A zamanin rikicin Ayalan ta Arewa, in ji shi, El Paso (garin Amurka da ke kan iyakar Meziko) ake wa Dundalk laƙabi, don nan 'yan IRA, ƙungiyar da ta ɗauki makami don korar Birtaniya daga tsibirin, da ake nema a arewa suke tsallakowa su fake. Kotunan Dablin sun daɗe ba sa miƙa su, suna cewa laifin siyasa ne. Har yau Baba bai huce da miƙa Dominic McGlinchey, jagoran wata ƙungiyar masu yaƙar Birtaniya, da aka yi wa hukumomin arewa a 1984 ba. Amma in ya zo kan limamin coci Patrick Ryan, wanda aka hana Birtaniya shi a 1988 don an ce ba zai samu shari'ar adalci a can ba, sai fuskarsa ta washe, ya hau kwaikwayon fushin Margaret Thatcher, firaministar Birtaniya ta lokacin.

Ni dai ba na sa baki. Mutum sama da 3,500 suka rasu kafin sulhun 1998, kuma a ɗakin da ke kusa da nasa akwai tsohuwar da ba ta son a ambaci IRA a gabanta ko da wasa. Baƙo idonsa ke gani, bakinsa a rufe.

Bizar ta fito bayan shekara guda. Na je Newry, ba wanda ya ko dubi fasfona. Da na dawo na ba Baba labari, ya ce nawa na biya kafin a bar ni in shiga ƙasarsa. Na gaya masa. Ya yi shiru, can ya ce in ƙara masa shayi.