Ranar da na yi wa'azin mudu

A ƙarshen watan nan zan miƙa mabuɗin coci da littafin karatu ga katikis ɗin (mai koyar da addini da jagorantar sujada idan babu limami) da zai gaje ni, kuma cikin dukan ranakun Lahadi da na tsaya gaban jama'a, guda ɗaya ce har yanzu take ci mini rai.

Lahadi ta 25 ce a tsarin karatun coci, a shekarar da ake karanta Bisharar Luka, wadda ke zagayowa duk shekara uku, cikin watan Satumba na 2022, lokacin da tsohon hatsi ya ƙare a rumbu, sabo kuma bai gama shigowa gida ba. Karatu na farko daga Amos ne, sura 8, inda annabin yake tsawata wa masu ƙosawa Asabar ta wuce domin su buɗe awo, masu rage mudu su ƙara kuɗi, har su haɗa da sharar alkama su sayar. Bisharar kuwa Luka 16 ce, labarin wakilin da ya mayar da bashin mai daga ɗari zuwa hamsin, na alkama zuwa tamanin, maigidansa kuma ya yaba masa. Wannan misalin ya fi ƙarfina, sai na tsallake shi na tare a kan Amos.

A benci na biyu akwai wani dattijo mai sayar da hatsi, wanda muka yi sa-in-sa da shi a kan bashin masara da maiɗakina ta ci. Na kwatanta mudun da aka bubbuge wa gindi har ya lotsa, na nuna da hannuna yadda ake share tozon awo, kuma ban ɗauke idona daga kansa ba. Kafin mu kai addu'ar jama'a ya ɗauki hularsa ya fita, iyalinsa suka bi bayansa.

Da Fada, limamin cocinmu, ya zo, bai tambaye ni ko kalma ɗaya ba. A gaban kwamiti ya ce ni na zaƙulo nassin domin in ci mutuncin mutum, alhali ya fi ni sanin cewa tun 1969 Ikilisiyar Katolika ta tsara waɗannan karatu, kuma ranar nan Amos aka karanta har a Roma. Aka dakatar da ni wata uku. Kowa a ƙauyen ya san wanda ya sayi kwanon rufin cocin, amma ba wanda ya ambata.

Duk da haka, nassin ba ni na zaɓa ba, amma idon nawa ne. Da bakina na karanta 1 Timoti 2 a ranar, inda Bulus yake so maza su ɗaga hannuwa cikin addu'a ba tare da fushi ko gardama ba, ya shiga ta kunnen dama ya fita ta hagu. Shawarata ga magajina ita ce, ya fara karatun tun Litinin, ya daɗe a kan nassin da ya fi ba shi wuya, ya kuma biya bashinsa kafin ya hau bagade. Zabura ma karatu ce, kada ya bar wa 'yan kwaya ita kaɗai.

Bayan shekara uku, a Satumban 2025, Amos ya sake zagayowa. Na shirya tsaf a kan wakilin nan na Luka, sai ranar Juma'a saƙo ya iso cewa Fada zai zo da kansa. Ya ɗauki gajeren karatun Bishara, daga aya 10 zuwa 13, ya yi wa'azi a kan yi wa shugabanni addu'a, dattijon kuma yana zaune a bencinsa na biyu.