Godiya kan jinyar Umma

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, an sallamo Umma daga asibiti, tana gida, tana shan kunu da hannunta, har ta fara takawa zuwa tsakar gida. A madadin iyalai gaba ɗaya nake wannan rubutu, domin waɗanda suka tsaya mana sun fi ƙarfin a bi su ɗaya bayan ɗaya.

Da yawa kun tambayi abin da ke damunta, muka ce ciwon ciki ne, don mu kanmu haka muka ɗauka. An daɗe ana ba ta maganin olsa, tana ramewa, jininta na ƙarewa, bahayarta ta koma baƙa wuluk. Sai da aka zura mata na'urar leƙa ciki ta baki aka ga ƙari a bangon tumbinta. Aka yi hoton CT don shirin tiyata, sai likitar hoto ta hango wani ɗan kumburi kusa da ƙarshen ƙaramin hanji. Kowa zai zaci na farkon ne ya yaɗu. Ita ta ce kamanninsu ba ɗaya ba ne, a bincika. Baiwar Allah, ba ki san mu ba, amma sunanki na bakin Umma a kowace salla.

An cire duka biyun a tiyata guda, kuma ɗakin gwaji ya tabbatar da cewa ciwon daji ne iri biyu, kowanne da asalinsa. Na tumbi shi ake kira GIST, yana tasowa daga ƙwayoyin da ke tsara motsin tumbi da hanji, kuma gwajin wasu alamomi da ake nema a jikin ƙarin, masu suna CD117 da DOG1, ne ya nuna shi. Na hanji kuwa NET ne, daga ƙwayoyin da ke fitar da sinadaran homon. Kowannensu ba a cika ganinsa ba, balle a ce sun haɗu a jikin mutum ɗaya. Likitan tiyata ya zaunar da mu, ya zana mana a takarda da Hausa tsantsa: GIST bai cika bin kaluluwa ba, shi ya sa aka yanke wurin kaɗai aka bar mata tumbinta, NET kuma yana binta, don haka aka cire guntun hanji haɗe da kaluluwar da ke kewaye. Wallahi wannan zama ya kwantar mana da hankali fiye da yadda yake tsammani.

Yanzu tana shan maganin ƙarin tumbin mai suna imatinib, miligiram 400 kullum tare da abinci, kuma za ta yi shekara 3 a kai saboda girman ƙarin. Magani ne mai tsadar gaske. Allah ya saka wa wanda ya nuna mana hanyar tallafin ƙungiyar agaji ta Max Foundation, da ake karɓa ta asibitin koyarwa na Ile-Ife. Na hanjin mai tafiyar hawainiya ne, bai taɓa hanta ba, sa ido kawai za a riƙa yi.

Ma'aikatan jinya na ɗakin mata, musamman masu aikin dare, mun gode. Samarin unguwa da suka ba da jini ba tare da an roƙe su sau biyu ba, jama'ar masallaci, matan Islamiyyar Umma da suka ɗauke mana girki, Kawu da ya sayar da shanunsa bai ko shawarci kowa ba, da Anti da ta bar 'ya'yanta ta kwana a tabarmar asibiti: Allah ya biya ku da Aljanna, ya raba ku da jinya.

Masu son zuwa dubiya, don Allah a bari sai bayan La'asar, kuma kada a kawo mata jiƙe-jiƙe, likita ya hana a haɗa su da maganinta. Wata mai zuwa za ta koma a sake hoto. A ci gaba da sa ta a addu'a.