Gadojin da Aka Gina da Awon Doki

Daga Manchester zuwa Hebden Bridge tafiyar jirgin ƙasa ce da ba ta kai awa guda ba. Ni da Baffana muka yi ta, ƙanin mahaifina da ya daɗe da zama a Ingila, kuma shi ya dage sai na ga tsofaffin gadojin fataken ƙasar kafin in koma gida. Jirgin ya ratsa ramin da aka huda a ƙarƙashin tsaunukan Pennine, ya fito cikin kwarin kogin Calder, kwari mai ƙunci wanda gidajen dutse suka maƙale a gangarensa hagu da dama.

Da gadarsa ake kiran garin Hebden Bridge, don "bridge" gada ke nan da Turanci. Tana nan a tsakiyar gari bisa rafin Hebden, an gina ta da dutse wajajen shekarar 1510 a gurbin wata ta katako. Bakan gizo uku ke ɗauke da ita. A saman ginshiƙanta an fitar da 'yan lunguna masu kusurwa uku, inda mai tafiya a ƙasa zai raɓe idan ayarin dawaki ya taho, don gadar ba ta isa mutum da doki mai kaya su gifta juna ba. Na shiga ɗaya na jingina bayana da dutsen, sanyinsa ya ratsa rigata. A jikin gadar akwai rubutun da aka sassaƙa na gyare-gyaren da aka yi mata a ƙarni na 17.

Daga bakinta hanya ta miƙe sama zuwa ƙauyen Heptonstall, hawa mai tsayi da aka shimfiɗe da duwatsu, sunansa Buttress. Kafin mu kai rabi numfashi ya fara yi mana wuya, mu da ba mu ɗauko komai ba. Nan ne dawaki suka yi ɗaruruwan shekaru suna hawa da sauka da ulu da yadin da masaƙa suka saƙa a cikin gidajensu, ana kai shi kasuwar Halifax. Wasu ayarin kuma gishiri suke ɗaukowa daga Cheshire, wasu gawayin kwal ko farar ƙasa. Gajerun dawaki ne masu ƙarfi, kowanne da kaya kimanin kilo 100 a raɗe gefe biyu. Layi ɗaya suke bi, na gaba da ƙararrawa a wuya don mai tahowa ya ji tun daga nesa ya ba da hanya. A damina ƙasa takan zama taɓo, amalanke ba ya motsi a irin wannan gangare, don haka duk arzikin yankin a gadon bayan dabba yake tafiya.

Gadar da ta fi shiga raina tana Wycoller, wani ɗan ƙauye kusa da Colne a Lancashire. Mun tsallaka tsauni da mota, muka ajiye ta a bayan gari, don ba a barin motocin baƙi su shiga, muka ƙarasa a ƙafa. Gadar bakan gizo biyu ce, ɗaya ya ɗan karkace, amma tana tsaye daram. Masana sun rabu a kan shekarunta, wasu suna kai ta ƙarni na 13, wasu na 15. Abin da ya fara ɗaure mini kai shi ne katangar gefenta, wadda ko gwiwata ba ta kai ba.

Na ce, "Baffa, wannan ai yaro sai ya faɗa ruwa. Kuɗi ne suka ƙare wa maginan?"

Ya ce, "A'a ɗana, dubi da kyau. Ka tuna jakunan fatake da mangala tana reto gefe da gefe? Idan katangar ta yi tsayi, kayan za su riƙa gogar dutse, buhu ya yage, gishiri ya zube. Sai suka rage ta, kaya su wuce ta sama."

Daga nan na soma kallon gadar da wani ido. Faɗinta faɗin doki ne, tsayin katangarta tsayin da kaya za su haye ne, tudun bayanta kuma don ruwa ya sami wurin wucewa idan rafi ya kawo. A gefenta ga mashigi inda keken doki ke ratsa ruwa. Babu ado ko ɗaya a jikinta, babu sunan sarki. Ni a ganina darajarta ke nan. Fadoji da manyan majami'u suna ba da labarin masu mulki, amma wanda yake son sanin yadda masaƙi da mai kora dawaki suka ci abinci, a kan irin wannan dutse da kofato ya sulɓe zai karanta.

Ƙuncinsu ne ma ya cece su. Da aka soma shimfiɗa manyan hanyoyin da ake biyan kuɗin wucewa a ƙarni na 18, aka buɗe hanyar jiragen ruwa ta Rochdale a 1804, sannan jirgin ƙasa ya zo, sai kaya suka koma bin ƙasan kwari. Gadojin da ke kan manyan hanyoyi aka faɗaɗa su ko aka rushe. Waɗanda ke lungu aka manta da su, suka zauna yadda suke. Wycoller kanta ta kusa zama kufai bayan masaƙanta sun bi injunan saƙa zuwa garuruwa, sai a shekarun 1970 hukumar Lancashire ta mayar da wurin filin shaƙatawa da ake kula da shi.

Yanzu ambaliya ce babbar barazana. A Disambar 2015 ruwa ya mamaye tsakiyar Hebden Bridge, tsohuwar gadar ta tsira, alhali a wannan watan gadar Pooley a Cumbria, wadda aka gina a 1764, ruwa ya tafi da ita ɗungurungum. Da muka bi rafin Wycoller zuwa sama mun iske wata gadar da ake kira Clam, falalen dutse guda ɗaya tal da aka gicciye a kan ruwa. Ambaliya ta ture shi a 1989 da kuma 1990 har ya tsage biyu. Daga baya aka haɗa shi aka mayar da shi mazauninsa, kuma a kansa muka haye zuwa hanyar komawa mota.