Godiya Bayan Walimar Saukar 'Yarmu, Musamman Ga Masu Binciken Cutar Sikila Na Kano

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

A madadin kaina da mai ɗakina da sauran iyali, ina miƙa godiya ga 'yan uwa da maƙwabta da abokan arziki da suka bar harkokinsu ranar Asabar da ta gabata suka halarci walimar saukar Alƙur'ani ta 'yarmu, da waɗanda uzuri ya hana su zuwa suka aiko da saƙo ko suka yi addu'a daga nesa. Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci. Malaman Islamiyyarsu kuwa, waɗanda suka yi haƙuri da ɗalibar da takan yi mako biyu tana kwance, in ta dawo su zauna su biya mata abin da ya wuce ta, ba mu da abin saka musu sai addu'a.

Akwai kuma waɗanda ba su zauna a kan tabarmar walimar ba, da yawansu ma ba su san an yi ta ba, alhali saboda su na zauna rubuta wannan saƙo. Su ne likitoci da ma'aikatan jinya da masu gwajin jini na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da Jami'ar Bayero, tare da abokan aikinsu na Jami'ar Vanderbilt da ke Amurka ƙarƙashin jagorancin Farfesa Michael DeBaun, waɗanda suka gudanar da binciken da aka sani da SPRING a kan hanyar kare yara masu cutar sikila daga shanyewar ɓarin jiki. 'Yarmu na cikin yara 220 da aka sa a wannan bincike.

A shekarar 2017, tana da shekara bakwai, aka yi mata gwajin da suke kira TCD. An kwantar da ita a kan gado, aka shafa mata wani mai sanyi a gefen goshi kusa da kunne, aka ɗora kan na'urar a wurin, sai ɗakin ya cika da wata ƙara mai tashi da sauka, wadda aka ce mana motsin jini ne a jijiyoyin ƙwaƙwalwarta. Ita dariya ma take yi. Da aka gama, likita ya zaunar da mu ya bayyana mana cewa idan gudun jinin ya kai santimita 200 a daƙiƙa ɗaya ko ya haura, alama ce jijiyar ta fara tsukewa, kuma a cikin yara goma masu irin wannan sakamako, kusan ɗaya yakan gamu da shanyewar ɓarin jiki a kowace shekara idan ba a yi komai ba. Nata ya haura. Ban bukaci ƙarin bayani ba, domin na sha ganin yaro mai sikila da ya kwanta lafiya ya tashi yana jan ƙafa, bakinsa a karkace, karatunsa ya tsaya ke nan.

A ƙasashe masu hali, irin wannan yaro ƙarin jini ake yi masa kowane wata, kuma tun 1998 bincike ya tabbatar da cewa hakan na rage haɗarin da fiye da kashi 90 cikin 100. To amma duk wanda ya taɓa tsayawa da tsakar dare yana kiran 'yan uwa a waya don neman leda ɗaya ta jini ya san cewa yin haka sau goma sha biyu a shekara, shekara da shekaru, ba abu ne da yawancinmu za mu iya ba. Wannan ya sa masu binciken suka karkata ga maganin hydroxyurea, ƙwayar da ake sha sau ɗaya a rana, wadda take sa jiki ya ƙara samar da irin jinin da jariri ke zuwa da shi duniya, wanda ba ya lanƙwashewa kamar lauje. Abin da suke son sani shi ne ko ƙaramin awo, wato miligiram 10 ga kowane kilo na nauyin yaro, zai yi aikin da miligiram 20 ke yi.

Ba zan ɓoye ba, da aka ambaci kalmar bincike sai da gabana ya faɗi. Mu mutanen Kano ba mu manta da 1996 ba, shekarar annobar sanƙarau, lokacin da aka gwada maganin Trovan a cikin wani gwaji da ya ƙunshi yara kusan 200, 11 suka rasu, aka yi ta shari'a har aka kai ga sasanci a 2009. Na faɗa musu haka ƙarara. Babban abin da nake gode musu a kai shi ne yadda suka karɓi maganar. Ba wanda ya ɓata rai, ba wanda ya ce in bar wa masana. An karanta mana takardar amincewa da Hausa, layi bayan layi, aka gaya mana illolin da maganin kan iya jawowa, aka ce mu tafi gida mu yi shawara, aka kuma tabbatar mana cewa ko mun ƙi za a ci gaba da duba ta, in mun shiga kuma muna da damar fita duk ranar da muka ga dama. Sun gaya mana har abin da ya fi yi mini nauyi, cewa mu da likitan da ke duba ta ba wanda zai san awon da ta faɗa a ciki, don kada son zuciya ya shiga sakamakon. A daren nan mahaifiyarta ta ce da ni, "Malam, ni nake kwana a zaune da ita in ciwon ya tashi. Mu dogara ga Allah mu sa hannu."

Daga nan muka shiga zuwa asibiti wata-wata. A auna nauyinta da tsawonta, a ɗebi jini, a ƙirga ƙwayoyin da suka rage a kwalba, sannan a ce ta yi murmushi, ta matse yatsun likita da hannu biyu, ta yi tafiya zuwa bakin ƙofa ta dawo. Wata rana da muka saɓa lokaci saboda rasuwa a dangi, wata ma'aikaciyar jinya ta kira mu, kuma abin da ta fara tambaya shi ne lafiyar yarinyar, kafin ta zo kan batun ranar da za mu koma.

A wurinsu ne kuma muka fahimci ramar da muke ɗauka halitta ce. Sun nuna mana cewa ƙwayar jinin mai sikila takan mutu cikin kwana 10 zuwa 20, alhali ta mai lafiya takan kai kwana 120, saboda haka jikin yaron kullum cikin aikin ƙera sabon jini yake, abincin da ya ishi sa'ansa shi ba ya isarsa. Muka ƙara mata wake da ƙwai da kunun gyaɗa da zogale daidai ƙarfinmu, da ruwa a gora duk inda za ta, kuma a hankali layin nauyinta a katin asibiti ya fara hawa. Na yi murna da jin cewa daga baya masu binciken sun bi wannan batu da wani nazari na daban a Kano, inda suka riƙa bai wa yara masu sikila 'yan shekara 5 zuwa 12 da tamowa ta kama madarar gyaɗar nan ta cikin leda har tsawon mako 12, domin yawancin shirye-shiryen yaƙi da tamowa a kan 'yan ƙasa da shekara biyar suke tsayawa, namu da suka haura sai a manta da su.

An buga sakamakon SPRING a farkon 2022. Ya nuna babu wani bambanci na a zo a gani tsakanin awon biyu wajen kare shanyewar jiki, sai dai masu shan miligiram 20 sun fi ƙarancin kwanciya a asibiti. A cikin yaran 220 da aka bi a Kano da asibitin Barau Dikko na Kaduna, takwas ne abin ya same su. Adadin ya yi ƙasa ƙwarai da abin da ake tsammani in babu magani, amma waɗannan takwas 'ya'yan wasu ne da wataƙila mun zauna a benci ɗaya da iyayensu, kuma ranar walimar sun faɗo mini a rai lokacin da 'yarmu ta miƙe da ƙafafunta tana karatu. Allah ya ba su lafiya, ya ba iyayensu ladan haƙuri. Iyaye matan da suka riƙa ba mai ɗakina ƙarfin gwiwa a layin ganin likita, su ma muna gode musu.

Wasu daga cikin baƙinmu sun tambaye ni sunan maganin. Ina roƙonsu don Allah kada a saya a kemis a bai wa yaro da ka, domin yana iya rage ƙwayoyin jini, dole sai da gwaji da kulawar likita. A kai yaron asibitin masu sikila, a tambaya a yi masa TCD tun bai nuna wata alama ba, domin tamu ma ranar da aka gano nata da ƙafarta ta shiga ɗakin tana wasa.

Har yau tana shan maganinta kowace safiya, kuma ta ce idan muka koma asibiti wata mai zuwa da kanta za ta kai wa ma'aikatan jinyar hoton walimar. Waɗanda ban ambata ba a yi mini afuwa.

Mahaifinta, a madadin iyali.