Fanka na juyawa, kwamfuta ba ta tashi ba

Yawancin kwamfutocin tebur da ake kawo mana shago a nan Garwa 'yan zamanin Pentium 4 da Core 2 Duo ne, gwanjon da ya shigo ta Duwala, ya yi shekaru yana buga takardu a bakin kasuwa ko ofishin makaranta. Kukan masu su kusan ɗaya ne: "Malam, tana kama wuta amma ba ta tashi." To, juyawar fanka ba shaidar lafiya ba ce, wuta kaɗan ta ishe ta. Tambayarmu ta farko ita ce a ina ta tsaya. Allo baƙi ƙirin ne, ko ta nuna rubutu sannan ta maƙale? Ciwo biyu ne daban.

In allo baƙi ne, kunne muke fara sawa. Kuka ɗaya gajere, a yawancin injuna, lafiya ke nan. A BIOS (manhajar da ke fara tada kwamfuta) na kamfanin Award, dogo ɗaya da gajeru biyu matsalar katin hoto ce, dogon kuka mai maimaituwa kuma ram ne, wato katin ƙwaƙwalwar wucin gadi. In ta yi shiru, sai mu zare ram ɗin duka mu kunna. Ta yi kuka? Alhamdulillahi, uwar allo (babban farantin da komai ke jone a kansa) da furosesa na da rai. Sai a goge haƙoran ram ɗin da robar goge fensir har ruwan zinaren ya fito, a hure ramin, a mayar da guda ɗaya tak, a danna har maƙallan gefe biyu su rufe da kansu. Ƙurar hunturu ce ke jawo mafi yawan wannan, shi ya sa daga Disamba zuwa Fabrairu aikin ke yawa. A kula, ram iri-iri ne: DDR haƙori 184 gare shi, DDR2 kuma 240, tsagarsu ba wuri ɗaya take ba. Wanda ya tilasta, ramin zai karya.

In har yanzu shiru, sai mitar auna wuta. A kan babban soket na uwar allo, mai baki 20 ko 24, wayar rawaya bolt 12 ce, ja 5, ruwan lemo 3.3, baƙa ita ce ƙasa. Sassaucin kashi 5 cikin ɗari ne kawai: rawaya ta sauka ƙasa da 11.4, ko ja ƙasa da 4.75, akwatin wuta, mai raba wa kayan ciki wuta, ya gaji. Ana aunawa tana kunne da kayanta a jone, don akwatin da ya gaji yakan nuna daidai in ba kaya a kansa. Kada a manta ɗan soket mai baki 4 na kusa da furosesa. In ya sassauta, fanka za ta yi ta gudu allo na baƙi. Akwatin wutar kuwa ba ma barin yaran shago su buɗe shi, manyan kondansan ciki (gwangwanayen da ke tara wuta) na riƙe wuta bayan an cire filogi. Canzawa ake yi.

Daga nan sai ido ya koma kan kondansan da ke kewaye da furosesa. Injunan farkon shekarun 2000 sun yi ƙaurin suna a nan, zafin Maris da Afrilu kuma, da ke haura digiri 40, yana ƙarasa su. Kan kondansa ya kamata ya zama a shafe; in ya kumbura ko ya fitar da abu kamar tsatsa, ya mutu. Sabon ya zo da lambar maikrofarad ɗaya, misali 1500, bolt ɗinsa daidai ko sama, mai jure digiri 105. Gefen da ke da zane shi ne nagetif, in aka juya shi fashewa yake. Mu duk layin muke canzawa, don na kusa da shi ma yana hanya.

Wadda ta nuna rubutu, aikinta ya fi sauƙi, amma nan ne ake yi wa mutane ɓarna da saurin goge faifan ajiya. Sau da yawa ɗan batirin CR2032 ne, mai bolt 3. In ya mutu, kwanan wata ya koma baya, BIOS ta manta saitinta. Sai a sa sabo, a gyara kwanan wata, a duba ko faifan ajiya ya bayyana kuma shi ne a gaba. In Windows XP ta ba da shuɗin allo mai lamba 0x0000007B, a duba saitin SATA (jonin faifan ajiya) a cikin BIOS, a mayar da shi IDE daga AHCI. Saƙon "NTLDR manque" na XP ɗin Faransanci, wato fayil ɗin da ke tada XP ya ɓace, shi ma wani lokaci filas ne aka manta a jiki. In ba shi ba, ana mayar da fayil ɗin daga faifan CD na XP ba tare da taɓa takardu ba. Tsohon faifai mai faffaɗan bel kuwa, in biyu suka haɗa bel ɗaya, dole a saita ɗaya Master ɗaya Slave, ko duka biyun Cable Select.

Faifan da ke ƙas-ƙas kamar agogo, wannan ba ma sake kunna shi don gwaji, kowace kunnawa ƙara cin sa take. Mukan ciro shi, mu jona a wata kwamfutar, mu fara kwashe takardun mai shi kafin a yi maganar gyara ko kuɗin aiki.