Tirelar tumatir da na loda washegarin buɗe hanya

Shekarata goma sha ɗaya ina sana'ar kayan gwari a kasuwar Mile 12 kafin in tafka asarar da har yau take ci mini rai. Abin da ya fi ƙona ni, ba a kwanakin da hanya take rufe na yi ta ba. Da aka buɗe hanyar ne na kai kaina.

Duk wanda yake wannan harka a Legas ya san abin da ya faru a watan Fabrairun 2021. Rikici ya ɓarke a kasuwar Shasha ta Ibadan, aka rasa rayuka, aka ƙone rumfuna da dukiya. Ƙungiyar dillalan kayan abinci da dabbobi ta ƙasa ta dakatar da kai kaya Kudu daga ranar Alhamis 25 ga wata, motocin da suka riga suka taso kuma aka tsayar da su a Jebba. Ban yi jayayya da matakin ba a lokacin, yanzu ma ba na yi. Na san mutanen da suka fito daga Shasha daga su sai rigar jikinsu.

Kwana uku kacal kasuwarmu ta zama wata iri. Wurin da ba ka samun inda za ka sa ƙafa bayan sallar asuba, sai ga 'yan dako zaune a kan benci suna hira. Ragowar kayan da ke hannuna na sayar da su cikin kwana biyu a kan farashin da ban taɓa jin an ambata ba a tsakiyar kakar rani. A daidai wannan lokaci kullum da dare yayana yana kirana daga Kura yana cewa tumatir ya nuna a gona babu mai tayawa, mutane sai yankawa suke suna shanyawa a bakin titi don kada a tashi a tutar babu. Kunne ɗaya ina jin tsadar Legas, ɗaya kunnen ina jin arahar Kwanar Gafan, kasuwar tumatir da ke kusa da Kura a jihar Kano. Na kwana shida ina auna tazarar da ke tsakaninsu, har lissafin ya hana ni barci.

Ranar Laraba 3 ga Maris labari ya zo cewa an janye, bayan zaman da aka yi a Abuja wanda gwamnan Kogi na lokacin, Yahaya Bello, ya shiga tsakani. Ko awa ɗaya ban bari ta wuce ba na kira gida.

"Yaya, gobe a yi mini lodi. Tirela guda, tawa ni kaɗai."

Ya yi shiru, sannan ya ce, "Kai kaɗai? Ina sauran abokan naka?"

A al'ada mu uku ne muke haɗa tirela ɗaya, kowa da alamarsa a jikin kwando. Ban nemi kowa ba a wannan karon, don ba na son a raba ribar da ni. Na kwashe kuɗin adashin da na ɗauka, na ranci wani abu a wurin wani ɗan garinmu da ke Agege, sauran kayan kuma manoma suka ba ni bashi saboda sun san mahaifinmu. Kuɗin mota ya tashi a daren nan, tunda kowa mota yake nema. Ko tayi ban yi ba, na ce a biya.

Da safe na je gaishe da maigidana, dattijon da ya kawo ni Legas ina saurayi ya koya mini sana'ar. Na gaya masa abin da na yi ina jiran ya sa albarka. Sai ya tambaye ni, "Mota nawa ce a tsaye a Jebba tun makon jiya?"

Na ce, "Ban sani ba, Alhaji."

"To yau mota nawa ake lodi a Kwanar Gafan? Danja fa? Hunƙuyi da Ikara fa?"

Nan ma ba ni da amsa.

Ya ce, "Ɗana, farashi ka duba, ba ka dubi hanya ba. Kuɗin da kake gani yau na kasuwar da babu kaya ne. Ranar da motarka za ta iso, wata kasuwar za ta tarar."

Shi a ranar ko abin da ya saba ɗauka bai kai ba. A zuciyata na ce tsufa ne ya sa shi tsoro. Da na kira Kura a lokacin, da an rage lodin, don sai bayan la'asar aka gama ɗaure kaya. Waya tana aljihuna, ban kira ba. Wannan sa'o'i shida ko bakwai su ne nake yawan komawa kansu.

Motocin Jebba su suka fara shigowa, kuma waɗanda kayansu ya tsira a cikinsu, musamman masu albasa, su suka ci kasuwar. Bayansu sai ambaliya. Duk wanda ya yi lissafin da na yi, daga Kano zuwa Katsina zuwa Kaduna, ya yi lodi a rana ɗaya da ni, muka biyo hanya ɗaya: Mokwa, Jebba, Ilori, Ogbomosho, Oyo, Ibadan. Tawa ta iso daren Asabar ta tarar da layi. Ba a sauke ta ba sai asubahin Litinin. Kwana huɗu ke nan tumatir yana cikin kwando, a zafin watan Maris.

Kuma wane irin tumatir? A nan ne kuskuren ya ninka kansa. Kayan da za su yi tafiyar kusan kilomita dubu, tun suna da sauran tauri ake cire su, su ƙarasa nuna a hanya. Wanda na saya ya yi mako guda yana jiran mai saye a jikin uwarsa, ya nuna ya yi jajir ya fara laushi. Arahar da ta ruɗe ni, dalilinta ke nan. Kayan kasuwar Yankaba ne ko na Kaduna, ba na Legas ba. Yayana ya faɗa mini a waya cewa kayan sun nuna da yawa, na ce ba komai, Legas a yunwace take, ko me aka kawo za ta cinye.

Da aka fara saukewa na hau gefen motar na leƙa. Ruwa ne yake ɗiga ta ƙasan bodi. Kwandunan ƙasa sun lotse, nauyin na sama ya matse su sun zama miya. Matan da ke sayen fasasshen tumatir, wanda Yarbawa ke kira esha, su ne suka kewaye ni, kuma su suke yanka farashi tunda kowace mota a layin irin kayan ke gare ta. Na sama masu ɗan kyau na sayar da su ƙasa da yadda suka iso mini. Wasu kwandunan sai da na biya aka kwashe su zuwa bola. Da yamma na zauna na haɗa lissafi, abin da ya shigo bai wuce kuɗin mota da na dako da ɗan abin da ba a rasa ba.

Akwai kuma abin da ban hango ba sam. Na ɗauka masu saye suna nan a tsaye suna jirana kamar yadda na bar su. Ashe mai dafa abincin sayarwa ba ta rufe shago don babu ɗanyen tumatir. A makon nan da yawa sun sayi na gwangwani da na leda katan-katan, wasu sun koma busasshen barkono da tattasai, kuma sai sun cinye abin da suka tara kafin su dawo gare mu. Kaya sun yi yawa, masu saye sun ragu, duka a rana guda.

Makonni uku bayan haka ina kallon waya na ga labarin jirgin ruwan nan Ever Given da ya toshe mashigin Suwez a Masar daga 23 zuwa 29 ga Maris. Ɗaruruwan jirage suka yi layi, da aka buɗe kuma suka doshi tashoshin Turai kusan lokaci guda, cunkoso ya koma can. Na daɗe ina kallon hoton. Abin da ya same mu a Jebba ne sak, sai dai su ƙarfe da tufafi suka ɗauko, kayansu suna iya jira. Namu kowace awa raguwa yake.

Bashin manoma shi ya fi kwana a raina. Waɗannan mutane sun riga sun yi asarar mako guda, suka ba ni kayansu da amana. Na tafi Kura da kaina, na bi su gida-gida na faɗa musu gaskiya, muka tsara biya kaɗan-kaɗan. Ban gama ba sai bayan babbar Sallah. Babur ɗina ya tafi a ciki. Wani dattijo a cikinsu da na kai masa cikon kuɗinsa ya ce, "Da ba ka zo da ƙafarka ba, da mun rufe littafinka." Har yau a wurinsa nake fara saye.

Tun daga nan ba na yin lodi sai na kira direbobi aƙalla uku da ke kan hanya, ɗaya a wajen Mokwa, ɗaya a Ilori, ɗaya ta ɓangaren Lokoja, in tambaye su abin da idonsu ya gani. Direba ya fi kowane dillali sanin farashin jibi, don shi yake ganin motocin da ke gabansa da na bayansa. Katin waya da ɗan abin shan shayi da nake tura musu bai kai kuɗin kwando ɗaya ba. Na koma haɗa mota da abokaina, kuma ko ina da halin cika tirela, gara in raba kayan gida biyu a bar kwana biyu a tsakani. Wani sashe na koma zuba shi a kiret na roba. Yana da tsada, ga wahalar mayar da shi Arewa babu kaya, amma na ƙasa ba ya ɗaukar nauyin na sama. Na kuma ƙulla hulɗa da masu kaya a Filato da Zariya, ina saye a wurinsu ko a lokacin da Kura ta wadata. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ba ka taɓa saye a hannunsa lokacin yalwa ba, ranar ƙunci ba zai ɗaga wayarka ba.

An gwada ni a watan Oktoban 2022, da ruwa ya shanye hanyar Abuja zuwa Lokoja a wajen Koton Ƙarfe, motoci suka kwana da kwanaki a tsaye. Kaya suka yi tsada a Mile 12, zuciyata ta fara irin bugun nan na 2021. Da ruwa ya fara ja, wani yaro da ke rumfar kusa da tawa ya zo da zumuɗinsa yana cewa, "Yaya, mu haɗa mu cika mota yau." Na yi masa tambayar Alhaji, kalma da kalma. Muka bari sai da tarin motocin farko ya shigo ya wuce, sannan muka ɗauko daidai abin da muka san za mu iya sayarwa. Ribar ba ta taka kara ta karya ba, amma ban ci bashin kowa ba, kuma na yi barci. A farkon 2023 da takardun naira suka yi wuya, manoman da na biya bashinsu su ne suka yarda suka ba ni kaya a kan turawa ta banki, alhali suna ƙin karɓa daga baƙi.

Abu ɗaya ne bai gyaru ba. Akwai wata Bayarbiya mai gidan abinci a Ojota da ta shekara bakwai tana saye a hannuna, duk ranar Litinin da Alhamis. A rana ta biyu da rufe hanya ta kira ni ta ce, "Malam, ka ajiye mini ko kwando biyu ne." Ina da shida a lokacin. Wani da ban taɓa gani ba ya zo ya ɗora kuɗi a kan abin da za ta iya biya, na sallama masa duka, ita kuma na ce mata, "Iya, ki yi haƙuri, gobe mota za ta shigo." Na san babu motar da za ta shigo. Da na faɗa mata gaskiya, da ta nemi mafita tun a ranar. Sai ta zo washegari tun da asuba da yarinyarta, ta tarar da rumfa wayam. Ba ta yi faɗa ba. Ta dube ni kawai ta juya.

Ranar Litinin ɗin da aka sauke tirelata, ita ce mutum ta farko da na kira. Ta zo, ta sa hannu a kwando ta matsa ƙwaya ɗaya, ta goge yatsunta a zani, ta ce ta riga ta sami mai kawo mata. Daga baya na je har shagonta na ba ta haƙuri, ta ce ya wuce, kuma ta dawo. Amma har yau rabin kayanta kawai take ɗauka a wurina, sauran rabin a rumfar wani take saye, layi biyu daga tawa, ina kallo ana ɗora mata a kai.